Kunnen Ɗanwake

Duk wanda ya zauna a unguwar Hindawiyya ta Makka cikin shekarun 1960 ya san Inna Ɗaso, ko bai san sunanta ba ya san tafiyarta. Kullum bayan sallar asuba za ta gangara Harami da ƙullin alkama a ka, ta shimfiɗa tsumma a gefen hanya, ta zuba ƙwayar a 'yan gwangwanaye, baƙi su saya su watsa wa tattabaru. Doguwar mace ce mai tsukakken baki, kuma ba ta son tambaya. In ka tambaye ta garinsu za ta ce Gumel. In ka ƙara ta biyu sai ta hau korar ƙudan da babu shi.

Da ƙafa suka baro gida, ita da mijinta da 'yarsu Shatu. Suka ratsa Chadi, suka yi shekara shida a Sudan suna cirar auduga. A can wani mai gona ya ba Shatu ɓeran Masar guda biyu, mace da namiji, 'yan dabbobin nan masu kama da zomo, marasa jela, masu yin fito da zarar sun ji motsin ciyawa. Yarinyar ta ɗauki son duniya ta ɗora musu. Ko tuwo aka zuba mata sai ta leƙa ƙwaryarsu tukuna.

A bakin teku, suna jiran jirgin ruwan da zai tsallaka da su a ɓoye, zazzaɓi ya kama Shatu. Shekararta tara. Wuyanta ya sandare, kanta ya karkace, ta daina gane mutane. Akwai asibiti a garin, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Amma matafiya sun ce duk wanda ya shiga wurin sai an rubuta sunansa, an tambaye shi takarda, an tsare shi da iyalinsa, jirgi ya tafi ya bar su. Mijin ya ce a kai ta. Ɗaso ce ta ce a dakata a gwada tofi. Rana ta uku da yamma aka binne yarinyar, aka jera duwatsu a kan kabarin.

Ɗaso ta tsallako teku da ƙwarya a cinya, an rufe da faifai, ɓerayen Shatu suna ciki. Mijin ya rasu bayan shekara biyar a Makka, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mata da zancen ba. Ita ma ba ta taɓa tayar wa kowa ba. Dabbobin suka hayayyafa a ɗan ɗakinta na langa-langa, zafin gari da kyanwoyin unguwa suka yi ta rage su, har ya zama a shekarar 1964 saura guda ɗaya tak. Fari ne mai tabon ruwan ƙasa a ido, ɗan dunƙule, shi ya sa ta sa masa suna Ɗanwake.

Ba ta da iƙama, wato takardar zama. Shekara goma sha biyu ba ta taka ofis ko asibiti ba. In ta hango mai farar riga da littafi a hannu, sai ta tuna tana da aiki a wani lungun.

Ranar wata Asabar, bayan alhazai sun watse zafi ya kankama, ta dawo da damin barsim, ɗanyen ganyen da ake sayar wa masu awaki. Ta karkaɗa shi a bakin ƙofa kamar kullum. Shiru. Ta sake karkaɗawa. Ko ƙis.

Ta durƙusa ta jawo akwatin katakon da yake kwana a ciki daga ƙarƙashin gado. Ɗanwake na nan da rai, amma kansa ya karkace zuwa hagu, ido ɗaya na kallon sama, ɗaya na kallon ƙasa. Ya yunƙura zai zo wurinta, sai ya hau zagaye a wuri ɗaya, ya faɗi, ya tashi, ya sake zagayawa. Da ta ɗaga shi ta ji wari na fita daga kunnen, ga wani ruwa ya manne gashin wurin.

Hure, maƙwabciyarta mai suyar gyaɗa, ta leƙo ta katangar kwano. Bakatsiniya ce mai faɗi, wadda bakinta ke riga hankalinta isa wuri.

"Lalle, Yaya Ɗaso! Yau kuma ɗawafi Alhajin naki yake yi? Ga shi kuwa ta hagu, yadda shari'a ta ce."

Ɗaso ba ta yi dariya ba. Karkataccen kan kawai take kallo, domin ta taɓa ganin irinsa. Hure ta lura da fuskarta, ta haɗiye sauran tsokanar.

"Ma'alesh, yi haƙuri Yaya. Kunne ne kawai. Ki ɗiga masa Zamzam, wa ya fi mu kusa da shi?"

Shawarar ta kwanta wa Ɗaso. Ba sai ta je gaban kowa ba, ba kuma mai rubuta sunanta. Ta tsoma auduga a butar Zamzam ta matse a kunnen da bisimilla, safe da rana da yamma. Dabbar na zillo, ita tana lallashi. Ranar Lahadi ya ƙi barsim. Ranar Litinin ya ƙi ko kallon bawon kankana, abin da a da har tsalle yake yi a kansa. Warin ya ƙaru, ƙasusuwan bayansa suka fito, ya daina ma zagayen. Ya kwanta a gefe yana numfashi sama-sama.

Hure ta shigo ta tsaya a kansa, ta riƙe haɓa.

"Yaya, gaskiya wannan ya yi nisa. Ko dai ki kai shi ajzakhanar Lurwanu, kantin maganin nan, ya duba, ko ki bar wa Allah. Dabba ce fa, ba mutum ba."

"Kwana nawa ke nan?" in ji Ɗaso.

"Asabar, Lahadi, yau. Uku."

Ɗaso ta miƙe tsaye. Ta ɗauko tsohuwar ƙwaryar nan da aka ɗinke tsagarta sau biyu, ta shimfiɗa tsumma, ta kwantar da shi, ta rufe da faifai, ta yafa jiƙaƙƙen ƙyalle a kai. Hure ta gyara mata mayafi, ta fita.

Rana ta take, ƙasa na ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Kantin maganin na bakin babban titi, inda motocin haya ke tsayawa. Tun daga nesa ta hango abin da take gudu: wani askari, ɗan sandan gwamnati, zaune a benci a bakin ƙofar, yana shan shayi. Ta wuce kantin kamar ba nan za ta ba. Ta kai ƙarshen layin, ta tsaya a inuwar wani bango, ta ɗaga gefen faifan. Cikin Ɗanwake na ɗagawa yana sauka, a hankali ƙwarai. Ta juyo.

Askarin ya janye ƙafa ya ba ta hanya. A ciki ga Lurwanu, farar riga har gwiwa, ga littafi buɗe a gabansa, ga alƙalami. Haifaffen Makka ne, mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, jikan wasu Kanawa da suka zo tun zamanin raƙuma. Hausarsa ta sha Larabci har ta ƙoshi.

"Ahlan, Khala. Esh fi? Me yana ciwo?"

Kunya ta kama ta, ga kuma tsoro. Ta yaya tsohuwa kamarta za ta ce ta zo neman magani wa ɓera, askari na saurare?

"Jikana ne," in ji ta. "Kunnensa ke ruwa. Kansa ya karkace, ba ya cin abinci."

"Shekara nawa?"

"Huɗu."

"Don me ba ki kawo shi? Wannan ba wasa ba, Khala." Ya juya ya sauko da wata kwalba, ya zuba ƙwayoyi a takarda ya naɗe. "Fanisilin. Ki daka rabi, ki ba shi da ruwa, sau uku. In bai yi sauƙi gobe, asibiti dole. Sunan yaro?"

Ya ɗaga alƙalami. Ta karɓi ƙullin ta damƙe, ta ja da baya taku ɗaya. Ƙofa na nan a bayanta, kuma ta samu abin da ta zo nema. Amma ta dubi girman ƙwayar ta cikin takardar, ta tuna girman bakin da za ta zuba wa.

"Ɗana, in mara lafiyar bai fi tafin hannu ba fa? Rabin ne dai?"

Lurwanu ya ajiye alƙalamin. Ya dube ta, ya dubi ƙwaryar da ta rungume a ƙirji.

"Khala, me yana cikin nan?"

Askarin ya juyo da kofinsa a hannu. Ta ɗora ƙwaryar a kan teburin, ta ɗage faifan da kanta.

"Ƙarya na yi maka," in ji ta. "Ba ni da jika. Ba ni da ɗa. Na 'yata ne da ta rasu a hanya, shi kaɗai ya rage mini."

Lurwanu ya leƙa. Nan take ya miƙa hannu ya fizge ƙullin maganin daga hannunta, har ta tsorata.

"La ilaha illallah! Na san su, Khala. A Masar na koyi aiki, ɗakin gwajin magani cike yake da su. Wannan magani yana warkar da mutum, amma su yana lalata musu ciki. Da kin ba shi, jibi kina haƙa rami."

Ta dafa teburin da hannu biyu. Da ta fita ƙofar nan da bakinta a rufe, da ita ce za ta kashe shi da cokali.

Ya ɗauki dabbar a hankali, ya kai bakin taga, ya naɗa auduga a tsinke ya shiga goge kunnen. Audugar na fitowa jiƙe sharkaf.

"Wa yana zuba ruwa a nan?"

"Zamzam ne."

"Zamzam a baki, Khala, ki ba shi ya sha ya samu albarka. Kunne bushewa yake so." Ya ɗiga wani magani daga ƙaramar kwalba, ya haɗa mata wani na sha, ya nuna mata iya ɗigo biyu a bayan hannunsa. "Safe da yamma. Kuma dole ya ci. In cikinsa ya tsaya, khalas, ta ƙare. Ban yi miki alkawari ba, kin makara sosai."

Ya jawo littafin. Ta runtse ido tana jiran tambayar.

"Sunansa?"

"Ɗanwake."

Ya rubuta, yana murmushi, ya rufe littafin. Shi ke nan. Askarin ya taso ya leƙa ƙwaryar, ya tambaya da Larabci ko zomo ne, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya koma kan shayinsa. Ba wanda ya tambaye ta takarda. Ba wanda ya tambaye ta ko sunanta.

Kwana huɗu tattabarun Harami ba su ga Ɗaso ba. Ta rataya jiƙaƙƙen buhu a ƙofa don iska ta yi sanyi. Ta daka barsim a ƙaramin turmi, ta dama da Zamzam, ta riƙa tura masa a gefen baki da bakin cokali. Rabi ya zube, rabi ya shiga. Ta goge kunnen, ta ɗiga magani, ta tokare shi da tsumma don kada ya mirgina. Ranar Laraba ya yi laushi har ta kara kunnenta a cikinsa sau biyu kafin ta ji bugun. Hure kan kawo mata kunu ta tarar da na jiya ba a taɓa ba, ta yi faɗanta ta gaji ta fita.

Ranar Juma'a da hantsi Hure ta shigo da sabon damin barsim, tana mita a kan mai sayarwar. Ta jefa shi ƙasa, ganyen ya yi motsi. Daga cikin akwatin sai ga wani ɗan siririn fito, a dishe, sau ɗaya. Sai kuma na biyu.

Suka durƙusa tare. Ɗanwake ya tashi a kan ƙafafunsa huɗu. Kan na nan a ɗan karkace, kuma haka ya zauna har ƙarshen ransa, kamar mai sauraron gulma. Amma ya taho kai tsaye, bai zagaya ba, ya ja ganye ɗaya ya hau tauna.

Hure ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Da ta juyo sai ta ga Ɗaso zaune dirshan a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa, kafaɗunta na girgiza. Shekara goma suna katanga ɗaya, ba ta taɓa ganin hawayen matar nan ba, ko ranar da aka fita da gawar mijinta.

"Haba Yaya, kukan me kuma? Ba ga shi ya warke ba?"

Ɗaso ta ɗago. Ta daɗe tana kallon tsohuwar ƙwaryar da ke kife a gefen gado.

"Shi ne ai, Hure," in ji ta. "Ashe in an kai, ana warkewa."