Muryar Mutumin Magarya

Rediyon oba-oba da na saya a hannun wani tsohon ma'aikacin jirgin sama a Kano yana da halin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mamurɗinsa, wato abin da ake juyawa a nemo tasha, ba ya tafiya sumul. Tsalle yake yi. Ka ɗan taɓa shi ya ce ƙas, ya tsallake wani wuri, kuma duk abin da ke tsakanin tsalle da tsalle ba ka da hanyar isa gare shi. Ga shi in kana son zuwa ɗaya ƙarshen zangon tashoshin, sai ka yi ta murɗawa kamar mai markaɗe har wuyan hannu ya yi tsami.

A lokacin ina aikin malamin gona a Roni, ina kwana Kazaure. Na sha wahala kafin na sami lasisin magana ta rediyon, na ɗaura eriya daga bishiyar darbejiya zuwa kan soro, maƙwabta suna tambayar maiɗakina ko igiyar shanya ce na kai sama haka. Yawancin waɗanda nake ji Turawa ne da Larabawa, a gaisa a faɗi ƙarfin sigina a rabu. Sai wata rana bayan la'asar na ji ana sallama da Hausa.

Mutumin ya ce yana can bayan Babura, wajen Magarya a Nijar, kuma da hannunsa ya harhaɗa na'urarsa. Tasa ba ta motsawa ko kaɗan, wuri ɗaya take zaune, kuma wurin ya faɗa daidai tsakanin tsalle biyu na tawa. Irin wannan rediyo kuwa, in ba ka sauka daidai kan mai magana ba, muryarsa canzawa take yi. In na tsaya a tsallen ƙasa, sai in ji shi da 'yar siririyar murya kamar agwagwa. In na ƙara gaba, sai ya koma kamar mai magana cikin tulu, ba na fahimtar komai. Na zaɓi agwagwar.

Na san sarai ba muryarsa ke nan ba, amma kunne ba ya jin bayani. Tun ranar farko na ajiye shi a matsayin saurayi, irin masu rawar kai da ba sa barin tsohuwar rediyo ta huta. Na shiga zolayarsa.

"Kai ɗan Nijar, yau ma da batirin babur kake magana?"

"Lahiya lau nike jin ka," in ji shi. "Ku da kuke da wuta, ina wutar take?"

Haka muka saba. Yana tambayata ko ruwa ya sauka a Gwiwa, ina tambayarsa yadda gero ya yi a wajensu. Na taɓa ce masa ragon manomi, ya yi dariya har ya sarƙe da tari. Ba mu taɓa musayar lambar waya ba, don a ganinmu wannan zai ɓata wasan. Shekaru da iyali kuwa ba su taɓa shigowa zancen ba, eriya da damina sun ishe mu.

Da damina ta yi nisa, ƙarar tsawa ta cika zangon, siririyar muryar nan ta fara ɓace mini. Rabin hirar ya koma "maimaita, ban ji ba". Wani lokacin kuma ina can wani gefen ina saurare, kafin in murɗo zuwa wurinsa ya gaji da kira ya kashe. Rannan ya ce, ba da wasa ba, "In ba ka ji na, mu bar shi haka nan. Magana tana gajiyar da ni." Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban so in rasa shi ba, kuma ga wani abu da ya daɗe yana cina: ina son in san ainihin muryar mutumin nan.

Na shiga bincike. Ashe akwai wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba, wanda ake sawa a madadin sashen da ke zaɓen tasha. Abin da ya burge ni shi ne yana lura da hannun mai murɗawa. In ka juya da sauri ya yi ta dogayen tsalle, in ka sassauta ya koma rarrafe, taki ƙanana ƙwarai. Na yi ta mamakin yadda ƙarfe zai gane gaggawar mutum. Na aika aka sayo mini a Kano.

Haɗawar ba ta zo da sauƙi ba. Na ƙone yatsa da dalma, na juya waya biyu, sai ya zama in na murɗa dama abin ya tafi hagu. Da na gyara wannan, allon ya ɗauki kowace 'yar rawar hannu a matsayin sauri, ya cilla ni wata duniya. Maiɗakina ta leƙo ta ga hanjin rediyo a baje kan tabarma, ta ce, "Malam, wanda yake magana ka kashe, ko wanda ya mutu kake tayarwa?" Ni ma a lokacin ban sani ba. Duk kwanakin nan ina tunanin mutumin yana can yana kira babu mai amsawa.

Ranar da rediyon ya yi daidai, na idar da la'asar na zauna. Juyi ɗaya na isa kusa da tasharsa. Ga shi kuwa yana sallama, da 'yar muryar da na sani. Na sa yatsa biyu na fara matsawa a hankali. Muryar ta riƙa saukowa, tana kauri, tana cika, har ta zauna daram. Sai na ji dattijo. Tsoho sosai, mai numfashi da ƙyar tsakanin kalma da kalma, irin muryar da in na ji ta a zaure sai na cire takalmi na durƙusa. Ragon manomin da na ce masa ya faɗo mini a rai, kunya ta rufe ni.

Na danna abin magana na ce, "Baba, barkanku da yamma. Kun wuni lafiya?"

Sai ya ce, "Wa ke magana?"

Na faɗa masa ni ne, na gyara na'urata. A nan na tuna abin da ya kamata in lura da shi tun farko: karkacewar da ta sirantar da muryarsa a wajena, ita ce ta kaurara tawa a wajensa. Shi ma bai taɓa jin ainihina ba.

"Ashe yaro ne kai," in ji shi. "Ni na ɗauka tsarana na samu."

Na fara ba shi haƙuri, ina Allah ya huci zuciyarku, ya katse ni.

"Bar wannan. Garin nan kowa Baba yake ce mini, kowa sai ya duƙa. Waɗanda muka tashi tare duk na raka su makwanci. Ba wanda ya rage da zai ce mini 'kai', ya zage ni in rama, sai kai ɗaya. Yanzu kai ma ka gyara na'ura."

Ina jin numfashinsa tsaf, abin da tsohon mamurɗin bai taɓa bari na ji ba. Tarbiyyar gidanmu ba ta yarda a ce wa dattijo 'kai' ba. Da ƙyar na tattaro ƙarfin hali.

"To kai ɗan Nijar," na ce, "ruwa ya sauka a wajenku, ko har yanzu kana kwance?"

Ya ce, "Yawwa. Ƙara faɗa, ban ji da kyau ba."

Na san ya ji. Na ƙara faɗa.