Yaya Ɗanmaliki, Ba Gudowa Ka Yi Daga Ingila Ba

Ranar Talata, 14 ga Satumba, 1993, da hantsi, Ubangiji ya karɓi ran yayana, Fasto Ɗanmaliki, a ƙauyenmu da ke kusa da Rogo Ruma, bayan jinyar ciwon hanta ta wata biyu. Ni ce Baraka, ƙanwarsa. Na ɗauki alƙalami ne domin akwai maganar da aka shekara shida ana yi a bayan idonsa, kuma ba zan bari a binne shi da ita ba.

Yaya, a 1986 ƙungiyar masu bishara ta tura ka wani gari a arewacin Ingila. Mun raka ka tashar Karaye da waƙa. Bayan wata goma sha huɗu sai ga ka da akwatinka, aka fara raɗa, wai ƙasar Turawa ta fi ƙarfinka, ka kunyata ikilisiya.

Wasiƙunka suna hannuna. Ka rubuta cewa ranar farko ka bi ƙofa ƙofa kana gaida maƙwabta, wata mata ta tambaye ka me kake sayarwa. Ka dafa shinkafa ka kai gidan da ke jikin naka, aka mayar maka da kwanon ba a buɗe ba. A majami'a tsofaffi goma sha ɗaya ka tarar, da wa'azi ya wuce minti ashirin sai su fara duba agogo. Ka ce sanyin garin da sauƙi, shirun ne yake hana ka cin abinci.

Duk da haka ba ka fasa ba. Akwai wani tsoho, Mista Harold, da ya yi wata uku bai amsa gaisuwarka ba. A na huɗu ya buɗe ƙofa ya ba ka shayi. Kai ka riƙa yi masa aski har ya mutu. Mutum huɗu ne suka je jana'izarsa. Da ka dawo daga maƙabarta, ka shimfiɗa bargo a ƙofar gidansa ka yi zaman makoki kwana uku, kai kaɗai, har maƙwabta suka kira 'yan sanda. Kan wannan ne shugabannin majami'ar can suka rubuto cewa ba ka dace da wurin ba, aka dawo da kai gida.

Ina nan ranar da dattijon ikilisiyarmu, Maikuɗi, ya tare ka a gaban jama'a ya ce, "Fasto, da ka yi haƙuri ka koyi halinsu."

Ka ce, "Baba, na koyi agogonsu, na koyi cokalinsu. Amma in wuce gidan da aka yi mutuwa kamar ba a yi ba, wannan ban iya ba, kuma ba na so in iya."

Wanda ya ga abin kunya a nan, ya zo ya faɗa mini da bakinsa. Jiya Hammawa, maƙwabcinmu Bafulatani, Musulmi, wanda ka yi jinyar mahaifinsa, shi ya fara sa diga a kabarinka, kuma bai nemi izinin kowa ba.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka, ka yafe masa kurakuransa, ka ba shi hutawa a wurinka. Inna Laure, matar yayana, da 'ya'yanki biyar, Allah ya ba mu haƙuri, ya tsaya muku. Ku ɗaga kanku idan an ambaci sunansa. Amin.