Tsohuwar Wayar Gudrun

Kowace safiya, kafin Preben ya fito da baƙin burodi daga tanda, Gudrun Thygesen ta riga ta sa takalmin roba ta gangara bakin hanya. Hanya ɗaya ce tal a tsibirinmu, wadda teku ke ba mu aro in ya janye, ya karɓe abinsa in ya cika. Takan dubi inda ruwa ya kai a jikin turken awo da aka kafa a wurin, sannan ta zaro wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi ta buɗe shafin intanet na ƙaramar hukuma, mai faɗin ko za a iya bin hanyar. In bakin shafi da na ruwa sun zo ɗaya, sai ta koma ta sha kofi.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Da yawanmu ba mu san mene ne aikinta ba. Akwai wata na'ura da ke tsaye gaban shafin kamar mai gadi. Duk wayar da ta zo neman labari ita ke miƙa mata, ta kuma gaya mata tsawon lokacin da za ta riƙe shi kafin ta dawo ta sake tambaya. Gudrun ce ke sa wa mai gadin nan magana a baki. Hoton coci da na tumaki, a riƙe shekara, ba inda za su. Labarin hanya kuwa, ko na minti ɗaya kada a ajiye. Ba ta taɓa share komai a tsohuwar wayar ba, don ta riƙa ganin abin da wayar mafi sakacin cikinmu ke gani.

Bara da kaka aka sabunta na'urar, sabuntawar ta goge umarninta, mai gadi ya shiga gaya wa kowace waya ta riƙe komai mako guda. Washegari iskar yamma ta turo ruwa da wuri. Turke ya ce a tsaya, tsohuwar waya ta ce a wuce. Nan take Gudrun ta gyara umarnin, amma gyaran bai isa ba: wayar da aka riga aka ce ta riƙe mako ba za ta dawo tambaya ba, kuma ba yadda za a kira ta. Ga tsakiyar hanya kwari ce, ita ruwa ke fara cikawa, ba a kuma hango ta daga baki.

Ta buga wa wani manomi a tsallake ya gindaya tarakta a can, ita kuma ta tsaya a nan, cikin ruwan sama, hannu a sama. Motar farko ta Aksel ce, mai kai wasiƙu, wanda zan aura in bazara ta zo.

"Gudrun, matsa mana," in ji shi, yana nuna mata waya. "Shafinki ne fa ya ce a wuce."

"Na jiya ne a hannunka, sarkin gaggawa. Kashe motar nan ka kawo wayar."

Ya kashe, yana gunaguni wai za ta sa wasiƙu su tsufa. Ta sa wayar ta sake tambaya, rubutun ya koma ja. Preben, da ya kai mata kofi, ya shaida cewa haka ta wuni, mota bayan mota, daga baya kuma gida bayan gida.

Na karanta labaran jarumai da yawa, Gudrun, ban ga mai takalmin roba ba. Ke ce kika tsaya tsakanin Aksel da ruwa. Ke ce dalilin da rigar aurena ke rataye tana jira, ba a ninke ta an ɓoye ba.

Malthe, wanda zai gaje ta, ya san aikinsa sarai. Amma a birni yake zaune, kuma daga can ba a ganin turke. Shi da kansa ya faɗi haka a liyafar sallamar da aka yi wa Gudrun, ya tambayi wa zai riƙa duba masa ruwa. Gudrun ta haɗiye kek ɗinta, ta miƙa wa Preben tsohuwar wayar, ta ce ya kafa mata ƙusa kusa da ƙofar shagonsa. Duk wanda ya fara zuwa sayen burodi, ya ɗauka ya gangara.

"In kuma malalata ne duka fa?" in ji Preben.

"To ka hana su burodi."

An yi dariya, ni ban iya ba.

Mun gode, Gudrun, mai gadin mai gadi. Ku kuma maƙwabtana, in kun ga wayar nan a rataye, kada ku ce wani ya riga ya je. Ku ɗauka ku je ku dubi ruwa. Ranar farko dai tawa ce, don Aksel ne ke fara ƙetarewa.