Yadda Tanti Ta Kai Inna Awo

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inna ba ta kiran sunana, balle ta yi zancen jiki a gabana. Ga shi sankarar bakin mahaifa ta ɗauke mana ƙanwarta, don ba a gano cutar ba sai da ta ci jiki. Da na ji ana awonta a matarnite, wato asibitin haihuwa na unguwarmu ta Dar es Salam, sai na kasa zaune na kasa tsaye. Ina son Inna ta je, amma da wane baki zan faɗa mata? Sau biyu ina ɗauko zancen, sau biyu tana aika ni duba tukunya.

Sai na tuna da taubashiyarta, wadda muke ce wa Tanti, mai sayar da kayan yaji a kasuwar Petit Marché. Tsakanin taubasai ba kunya, kuma wanda aka tsokana ba ya fushi, sai dai ya rama. Na same ta tana ƙulla barkono, na zayyane mata komai.

"Shi ke nan matsalar?" in ji ta. "Bar ni da ita."

Washegari da hantsi sai ga ta, tun daga ƙofa take kwarmato.

"Ina matsoraciyar gidan nan? An ce ana duba mata a matarnite, na ce dangin ubanki kam ko allura suka hango sai gudu."

"Mu?" Inna ta miƙe tana gyara ɗaurin zane. "Ke da kika suma ranar da aka huda miki kunne? Wuce mu tafi, a ga mai gudu."

Wallahi saura kaɗan in yi guɗa! Na bi su a baya riƙe da takardu, suna tafe suna tona asirin kakannin juna.

Ba a daɗe ba ungozomar ta kira ni ciki. Ta ce an ga ɗan tabo a jikin Inna, bai kai ga zama sankara ba, kuma za a iya magance shi a ranar. Na fito da gudu. Na rungume Tanti ina kuka ina dariya, ƙamshin citta duk ya cika min hanci.

Da aka gama, Inna ta fito a hankali, ta zauna a benci. Ba ta dube ni ba, sai ta dubi Tanti ta ce:

"Tambayar min waccan mai kukan. Ta haura talatin, ga 'ya'ya uku. Ita an duba ta?"

Duk zumuɗin nan nawa, ban taɓa yin awon ba, tsoro nake ji.

Inna ta miƙo hannu ta karɓe jakata, ta ɗora a cinyarta.

"Ce mata ta shiga. Ba inda za ni sai ta fito."