Maɓallai Uku a Hankicin Haladu

Haladu ba ya buɗe abu sai ya shimfiɗa farin hankici. Ko batirin tocila zai canja, sai hankicin ya fito. Shekara goma sha tara ya yi yana gyaran agogo a Gusau kafin waya ta kashe kasuwar, ya zo Doha da takardar gadi.

Shagon da yake gadi na wani Balarabe ne mai tara tsofaffin kaya, can wajen Old Airport. Ni ke kai masa ruwa a motar kamfani. Da korona ta zo aka rufe gari, shi kaɗai aka bari da kayan. A ɗakin ajiya ya tsinci abin: ɗan akwatin kiɗa mai kusurwa shida, da zuga-zugi a tsakiya irin na maƙera, wai shi kwansatina. Maɓallan ƙarfe talatin ne a jikinsa. Danshin teku ya sa sun yi kore, ko ɗaya ba ya dannuwa.

"Baba Isma'il, wannan bai mutu ba," ya ce mini ta cikin takunkumi. "Shaƙewa ya yi."

"Kai da ko kalangu ba ka saurara?"

"Ai ban ce zan yi rawa ba."

Ɗaya bayan ɗaya yake ciro su, ya goge da ruwan lemon tsami. Kowane maɓalli yana da ɗan zoben ƙyalle da yake zama a ciki, duk sun ruɓe, sai ya riƙa yanka sababbi daga tsohuwar dararsa ja. 'Yan wayoyin da ke maido da maɓalli sama kuwa, da fil yake lanƙwasa su. Wani maɓallin kwana biyu, wani wata guda. Da aka buɗe gari, sai ranar Juma'a kaɗai yake samun zama.

Na ce ya nuna wa mai shagon, ko a mayar da takardarsa ta mai gyara. Abin da yake so ke nan, ko da yake bai taɓa furtawa ba. Ya ce maigidansa a Gusau ya koya masa ba a nuna aiki rabi. "Bari akwatin ya yi magana da bakinsa."

Ashirin da bakwai sun tashi, uku na cikin hankici, sai gasar ƙwallon duniya ta matso. Mai shagon ya ce a mayar da gaban shagon wurin shan shayi na baƙi, a rataye tsofaffin kaya a bango. Abdulbaƙi, shugaban masu gadi, ɗanmu ne, shi ya zo da ma'aikata. Ina tsaye da jarkar ruwa suka sauko da akwatin, suka ga ramuka uku.

"Haladu, ina maɓallan nan?" in ji Abdulbaƙi.

Ya shimfiɗa hankicin a kan tebur. "Ga su, yallaɓai. Sati biyu kawai nake roƙo."

"Wa ya sa ka? Gadi aka kawo ka ko ƙira? In kafil, mai shagon nan, ya ji an taɓa masa kaya, ni za a fara kora."

"Danna ɗaya ka ji."

"Khalas, ya isa! Kwashe tsummanka."

Ɗan yatsa ɗaya ake buƙata. Abdulbaƙi yana da goma.

Suka cusa kawunan ƙusa a ramukan, suka bi sauran maɓallan da gam don kada baƙi su yi wasa da su, suka kafe shi a bango. A rahoton da Abdulbaƙi ya rubuta, ya ce mai gadi yana cire sassan kaya. Kafin a buga ƙwallon farko an mayar da Haladu wata gona a Umm Salal.

Sau ɗaya na shiga wurin shayin. Baƙi na ɗaukar hoto a ƙarƙashin akwatin, suna yaba yadda ƙarfen ke walƙiya. Ban sha shayin ba. Abdulbaƙi har yau yana yi mini sallama a masallaci, ina amsawa, tunda wajibi ne.

Da na kai ruwa Umm Salal, na tarar da Haladu a bakin ƙofar gona, tumaki na kuka a bayansa. Ya buɗe hankicin a kan gwiwa. Biyu sun yi fes, na ukun rabinsa har yanzu kore ne. Ya daɗe yana juya shi.

"Baba," ya ce, "gam ɗin da suka zuba, ka lura wane iri ne?"