Ƙiryar da Ta Zama Dangar Gidanmu

Shekaranjiya ina shanya a tsakar gida a nan Gaya, sai iska ta kawo mini wani ƙauri daga gidan maƙwabta. Ba na girki ba ne, ba kuma na shara ba. Gindin itace ake babbakewa kafin a kafa shi a ƙasa. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu har ruwansa ya gangaro mini gwiwar hannu, don rabona da wannan ƙauri tun ina yarinya a ƙauyenmu na ƙasar Ajingi, lokacin Kaka, mahaifin babana, yana raye.

Gidanmu ba shi da katanga a lokacin, danga ce ta kewaye shi. In ba ka tashi a irin gidan ba, za ka ɗauka kara ne dangar. A'a. Kara baƙo ne, kowace shekara bayan girbi sai an sake shi. Abin da ke riƙe gida shi ne dirkokin da aka kafa a ƙasa, waɗanda ake ɗaure tanka a jikinsu. In dirka ta ruɓe, komai kyan karan, hadari ɗaya ya isa ya kwantar da shi, mai wucewa a hanya ya ga har tukunyar miyarku.

Kaka kuwa a kan dirka ba ya wasa. Mutum ne mai sanyi, ko akuya ta ci masa dawa ba ya ɗaga murya, amma ka kawo masa itacen banza ka ce a kafa, za ka sha kallo. Darbejiya, a wurinsa, ta inuwa ce. Gawo na awaki ne da gona, ba a taɓa shi. Marke yana ɗan girmama shi, sai dai ya ce ƙasa tana cin ƙafarsa. Ƙirya kaɗai ya yarda da ita. Yakan ɗauko guntu biyu ya kira ni, da yake ni ce jikarsa ta fari mace, amarya yake ce mini.

“Amarya, bar wannan wasan ki zo ki ji.”

Sai ya ƙwanƙwasa darbejiya da ƙotar gatari, ta ce ɓuf. Ya ƙwanƙwasa ƙirya, ta ce ƙwal, kamar an taɓa ƙarfe. In na ce ni duk ɗaya na ji, don in tsokane shi, sai ya ce to ya fasa auren, ba zai zauna da kurma ba.

Matsalar ita ce ƙirya ɗaya tak ta rage mana, a tsakiyar gonarmu. Tun kafin a haife ni maƙera da masu sassaƙa turmi suka gama da 'yan'uwanta. Ita ma an sha zuwa neman ta, Kaka ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ba ya sare ta, aske ta yake yi. Kowane rani, in ganye ya zube ruwan jikinta ya ja baya, sai ya kewaya ta yana ɗaga kai, wani lokaci har kwanaki yana komawa, kafin ya nuna reshen da za a cire. Ɗaya ne, in ta yi kyau biyu. A kawo shi bayan gida a yar a ƙasa, a bar shi damina ta wuce ta kansa. Farin da ke bayan itacen gara ce take cinye shi, ta iso jan da ke ciki ta tsaya. Kaka yakan ce gara ma'aikaciyarsa ce, ita take fere masa itace kyauta. Sai wani ranin a babbake gindin, a haƙa rami da dagi, a kafa.

To ka ga yadda dangar take tafiya. Gabas aka fara, inda hadari ke bugowa, sannan gefen hanya. Har na isa aike, bayan ɗakin Inna, mahaifiyata, bai samu ƙirya ko ɗaya ba. Darbejiya ce a wurin, kuma duk shekara Baba ne ke tone ruɓaɓɓu yana sa sababbi. Baba ba mai haƙurin Kaka ba ne, ni ma halinsa na ɗauko. Ina jin sa yana ɗaure tanka yana ƙunƙuni, wai bishiya guda tana tsaye a gona tana hutawa shi yana nan yana bauta wa gara. Amma a gaban mahaifinsa bai taɓa furtawa ba.

A wata bazara, Inna tana da tsohon ciki, aka aiko daga Kademi cewa ƙanwar Kaka ba ta da lafiya sosai. Ya tafi ya zauna jinya. Yana can hadarin farko ya taso da rana tsaka, da iskar da ta ɗauke mana faifai da kwanon sha. Da ta lafa, dangar bayan ɗakin Inna tana kwance shame-shame. Nan ne kuwa za a kafa tukunyar wankan jego, nan za ta yi wanka safe da yamma. Ga hanyar rijiya a buɗe, maza da mata suna wucewa. Inna ta shige ɗaki ta saki labule, na ji tana kuka a hankali. Ga shi kuma itacen jegon da Baba ya tara bai taka kara ya karya ba.

Ba zan yi wa Baba ƙarya ba, ya yi tunani. Ya zauna a zaure shi da Baffa, ƙanensa, suna magana ƙasa-ƙasa har aka kira la'asar. Abin da suka gani shi ne bishiya ɗaya za ta rufe musu baki biyu, dirka da itacen wanka, kuma tsoho zai dawo ya tarar an gama masa aikin da ya daɗe yana fama. Wallahi a zuciyarsu alheri suka nufa.

Ƙirya ba ta faɗuwa da sauƙi. Sai da suka ɗauko masu faskare, gatura suka dakushe aka kai maƙera aka dawo. Daga gida muna jin saran, ƙwal, ƙwal, tun safe. Ranar da ta faɗi har a ƙafata na ji. Aka faskara gindin gida-gida, aka babbake, aka kafa, aka ɗaura sabuwar zana. Kai, dangar ta yi kyau! Maƙwabta har leƙowa suke yi. Inna ta sauka lafiya, namiji, tukunya ta hau wuta, kuma ban taɓa ganin garwashi mai daɗewa irin na wannan itacen ba.

Ana gobe suna Kaka ya dawo. Ya yi sallama, ya karɓi jariri ya yi masa addu'a, ya ce ga wanda zai ƙwace masa gida ya iso. Sannan ya kewaya baya, Baba yana biye da shi, ni ma ina biye. Ya tsaya a gaban dirkokin. Reshe kewayayye ne, waɗannan kuwa masu kusurwa ne, jajaye tun daga sama har ƙasa. Ya sa tafin hannu ya shafa ɗaya, a hankali, kamar mai shafa wuyan bijimi.

Baba ya durƙusa ya ce, “Baba, gidan ne ya buɗe. Ka gafarce ni.”

Da Kaka ya yi magana muryarsa ba ta canza ba.

“Ka rufa wa matarka asiri, Allah ya rufa maka. Aiki ya yi kyau.” Ya juya ya dubi ɗakin da jariri ke kuka. “Shi wannan da me zai yi tasa dangar?”

Shi ke nan abin da ya faɗa, har ya bar duniya bai ƙara ba. Ni da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Washegari aka yi suna, ya raba goro, ya yi dariya da mutane. Amma daga wannan daminar ya daina cin abincin rana a gona. Da a gindin ƙirya nake kai masa fura, yanzu rana na take sai ya rataya fartanya ya dawo gida. Ya kuma daina kira na in ji ƙarar itace. Na yi kewar wannan ƙwarai, kuma na daɗe ina jin haushin Baba, ko da yake ban san abin da ni zan yi ba in da ni ce shi.

Yanzu ƙauyen duk bulo ne da kwano. Wanda bai da halin bulo, darbejiya yake samu a kasuwar Ajingi, in ka tambayi ƙirya yaran masu itace sai su dube ka. Dirkokin bayan ɗakin Inna suna nan tsaye, sun yi baƙi, gara ta haƙura da su. Ƙanen nawa da aka haifa a lokacin shi ma yanzu magidanci ne, kuma gidan da ya yi a gefen namu kara ne da darbejiya, duk shekara yana tonewa.

Baba ya tsufa, ya kai shekarun Kaka na wancan lokaci. Ban san ranar da ya fara ba, amma an daɗe yana shuka ƙwayar ƙirya a inda waccan take, yana kewaye ta da ƙaya. Yawanci awaki ne ke cinyewa, wasu rani ya kashe. Zuwana na ƙarshe ya ce in raka shi gona, muka tafi yana dogara sanda yana hutawa. Guda ɗaya ta tsira, siririya, iya ƙuguna. Na ba shi labarin cewa mu ma a Gaya dangar bayanmu ta gaji, maigidana yana ta tambayar itacen da ya fi ƙarko. Baba ya gyara wata ƙaya da ta zame, ya ce, “Ki ce masa ya ɗan jira.”

Na fashe da dariya. Na dube shi, na ga shi ba dariya yake yi ba.