Jirgin da Mutum Ɗaya Ba Ya Iya Ja: Ga Kawuna Nek Darwis

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Sha'aban, tsakanin La'asar da Magariba, Allah Ya karɓi ran kawuna Haji Sahim bin Amat, wanda duk tsibirinmu na Kokos ya sani da Nek Darwis, bisa al'adarmu ta kiran kaka da sunan jikansa na fari. Ya rasu a ɗakinsa bayan gajeriyar jinyar ƙirji. Ina tsakar gida ina ɗinkin komar kamun kifi sai maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta gaya mini. Na ajiye allura, na yi alwala, sannan na tafi. Ban yi kuka a hanya ba, kuma har yau ina tambayar kaina ko haƙuri ne ya hana ni ko taurin zuciya.

Kawu, da kai nake magana, domin a duniya kai kaɗai ne ba ka gajiya da shiruna.

Mutane da yawa za su ba da shaidar alherinka. Zawarawa da tsofaffi za su tuna kifin da suke tararwa rataye a ƙofofinsu, kana cewa irin wannan yana ɓata maka ciki, alhali kowa ya san ba a halicci kifin da ba ka ci ba. Masu jiragen ruwa za su tuna yadda kake gyara wa mutum jirginsa kana yi masa faɗa tun daga ƙusar farko har ta ƙarshe, in ka gama kuma ka ƙi karɓar komai sai shayi mai madara. Duk wanda aka binne a garin nan cikin shekarun da na yi wayo, kai ne kan gaba da shebur. Ni kuwa shaidata guda ce, kuma a kan jirgi take.

Lokacin da mijina Mazlan ya rasu, bai bar mini ɗa ba. Tsararrakina duk sun daɗe da zama Mak wane da Mak wance, wato uwar wane da uwar wance, wasu ma har sun zama Nek. Ni kaɗai ake kira da sunan da aka raɗa mini ranar suna, Salbiya, kamar yarinyar da ake aika shago. Ba wanda ya taɓa yi mini gori. Amma duk taron mata da na shiga, sai in ji sunan nawa ya fito tsirara a tsakiyar nasu. Sai na rage fita. Na tsaya a kan gida, da masallaci, da maƙabarta, na kuma gaya wa kaina cewa kamewa ce da neman yardar Allah.

Jirgin katakon da Mazlan ya bari ya ruɓe, ni kuma da kifi nake ci. Sai aka ji labarin jirage biyu na hannu a Pulu Panjang, tsallaken tafki. Ɗaya na alminiyon ne, na wani malamin makaranta da zai koma birnin Perth. Ɗayan na faiba ne, wato roba mai tauri, na wani ma'aikacin filin jirgin sama da shi ma wa'adinsa ya ƙare. Farashinsu kusan ɗaya. Na roƙe ka ka raka ni ka duba, ka ce da ma kana neman dalilin guje wa sharar harabar gida.

Ba zan manta yadda ka duba su ba. A na alminiyon ka ɗaga katakon daɓensa, ka bi ƙasan da yatsa kana neman farin garin nan da yake fitowa inda dalmar fatsa ko kwabo ya daɗe kwance cikin ruwan gishiri har ya ci ƙarfen. Ka bi ɗinkin walda ɗaya bayan ɗaya. A na faiba kuwa ka kara kunne kana ƙwanƙwasa jikinsa da ƙashin yatsa, kamar mai zaɓen kwakwa, sannan ka hau kan injin da duk nauyinka don ka ga ko katakon da ke ɓoye cikin bangon baya ya sha ruwa ya yi laushi. Mai jirgin ya tsaya yana kallon tsoho yana lilo a kan injinsa.

Ka gaya mini gaskiyar kowanne, ba ka rage ba. Na alminiyon ba ya tsoron duwatsun murjani, in ya bugu sai ya lotse kawai, kuma ba ya shan mai sosai. Amma yana da ƙara, yana ƙona ƙafa da rana, in iska ta taso a tafki kuma zai yi ta dukan ruwa har haƙora su kaɗa. Na faiba yana yanka igiyar ruwa cikin natsuwa, ba ya korar kifi da surutu, sai dai murjani yana yagar cikinsa, saboda haka ba a barin sa ya kwana a ruwa a gaɓarmu. Dole a ja shi kan rairayi, kuma ba ya jawuwa sai da mutum huɗu.

Na kama bakin na alminiyon na ɗaga, ya taso mini cikin sauƙi. Na ce wannan nake so, domin ni kaɗai zan iya fitar da shi in mayar.

Ka ce, “Ai shi ne ciwonsa. Ke yanzu tukunyar shinkafa za ki shiga ki tsallake tafki, don kawai kada ki ce wa mutum sannu?”

Na amsa maka da abin da na karanta, cewa kamewa daga roƙon mutane ta fi, kuma ba na son in zama nauyi a kan kowa. Na faɗe shi da muryar da nake karantar da yara a masallaci, ina ganin na rufe maganar.

Ka ce, “Malama, roƙon abinci aka ce miki ko roƙon hannu? Ranar da kika mutu ma mutum huɗu ne za su ɗauke ki. Gara su saba da nauyinki tun yanzu.”

Na yi fushi da kai har muka tsallako. Amma bayan na yi istihara na koma na sayi na faiba. Ranar da muka kawo shi ka sa na yi maka alkawari a bakin ruwa: ba zan musanya shi da mai sauƙi ba, kuma duk ranar da na dawo daga kamu, ni da bakina zan kira mutane su ja, in ba kowa kifinsa kamar yadda ake yi wa duk wanda ya sa hannu a jirgi. Na ce na yi alkawari, Allah ne shaida.

Shekaru suka wuce ba a gwada wannan alkawari ba. Duk lokacin da na kashe inji, kana nan zaune kan kututturen kwakwa a gaɓa, kana fiƙe wani abu da wuƙa, kamar dai zama ne ya kawo ka. Kafin in buɗe baki ka riga ka ɗaga murya: su wane su sauko, 'yar ƙanwarka ta dawo da kifin da bai kai girman ƙugiyarta ba. Sai su sauko suna dariya, a jera gumagumai a ƙarƙashin jirgin, a ja. Ni sai dai in sunkuyar da kai in raba kifi. Na sha tunanin cewa ka manta da sharaɗinka. Yanzu na gane cewa tausayina ne ya fi ƙarfin dabararka.

Ana gobe sadakar bakwai ɗinka na fita don in samo kifin da za a dafa. Allah Ya ba ni rabo mai kyau. Na dawo bayan La'asar, ruwa yana janyewa, iska tana ƙaruwa. Kututturen yana nan, babu kowa a kansa. Gaɓa shiru.

Na tsaya cikin ruwa har gwiwa riƙe da igiya. Na gwada ja ni kaɗai, ko motsi bai yi ba. Na yi tunanin in jefa ƙarfen tsaida shi in bar shi ya kwana, in ce Allah zai kiyaye, alhali na san abin da murjani zai yi masa kafin asuba. Na tuna ma cewa a gidan makokinka wani ya yi mini tayin musanya da nasa na alminiyon, yana cewa yanzu da babu tsoho zai fi mini sauƙi. Gaskiya ya faɗa, kuma zuciyata ta karkata gare shi fiye da yadda nake so in rubuta.

Na yi kira daga inda nake. Muryar da ta fito ko kaguwa ba ta razana ba. Sai na ɗaure igiyar a gungume, na haura da zanena a jiƙe har ƙofar gidanka, inda maza ke zaune suna ɓare kwakwar sadaka. Na yi sallama. Na ce jirgina yana ruwa, ina neman hannu.

Babban ɗanka Pak Darwis, wato uban Darwis, abokin wasana tun muna yara, ya ajiye adda ya miƙe. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, “Tun da kika kashe inji muke kallon ki, sarauniyar shiru. Baba ne ya hana. Ya ce ko jirgin zai farfashe, kada wanda ya sauka sai kin zo da bakinki.”

Suka sauko, aka jera gumagumai, aka ja. Babu wanda ya yi dariya a ranar. Na ba kowa kifinsa, sauran na kai wa matarka a madafa, ta riƙe hannuna na ɗan lokaci. Daga nan na koma gida na kunna fitila. Gidan yana nan yadda na bar shi, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa ya cika ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Sahim, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa kowane kifi da ya rataye a ƙofar mabuƙaci ya zama nauyi a mizaninsa. Ka haɗa shi da iyayensa da mahaifiyata a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, da Pak Darwis da ƙannensa na nan da na can garin Katanning, da jikoki, da duk wanda jirginsa ya taɓa shiga hannun wannan tsoho. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Game da alkawarin, Kawu: jirgin yana kan rairayi, ban musanya shi ba, kuma na kira su da bakina. Na cika shi. Sau ɗaya ne zuwa yanzu, kuma jibi in Allah Ya yarda zan sake fita.